Rikici a gari, allurar ciwon suga ta ƙare: yaya za a yi?

Tambaya: Likita, a Jos nake zaune. Lokacin dokar hana fita ta awa 24 a watan Agustan 2021, insulin ɗin mahaifiyata ya ƙare, sai da muka yi kwana uku ba mu samu ba. Har yau da gari ya fara ɗaukar zafi sai gabana ya faɗi. Me ya sa magani ke ɓacewa haka, kuma wane shiri ya kamata mu yi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Idan rikici ya tashi, waɗanda harsashi ya sama ake ƙirgawa. Mai hawan jini da ƙwayarsa ta yanke, mai naƙuda da ta rasa keke-napep cikin dare, mai wankin ƙoda da ke buƙatar na'ura sau biyu ko uku a mako, waɗannan a ɗaka suke galabaita, babu mai sa su a lissafi.

Galibi maganin yana nan a gari, hanyar kai wa gare shi ce ta toshe. Mai kemis ya rufe shago, motar kaya ta tsaya a bakin gari, nas ba ta iya ratsa unguwar da take tsoro. Jos kuwa tun rikicin Satumban 2001 unguwanni suka rabu, asibitin da kake hangowa ma sai ya zame maka nesa. A Khartoum, babban birnin Sudan, abin ya fi muni: bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin makonni biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 61 cikin ɗari na cibiyoyin lafiyar birnin sun rufe.

To, batun Mama. Kada ku bari sai kwalba ta kusa ƙarewa. Ku ajiye guda ta ko-ta-kwana, da sirinji da tsinken gwajin suga. Na san kuɗi ne, amma ya fi kuɗin gadon asibiti sauƙi nesa ba kusa ba. Rashin wuta kada ya firgita ku. Binciken da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021 ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ku ƙulle kwalbar a leda, ku sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ku zaunar da ita cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa. Kada dai ta daskare a firiza, daskararren insulin ya lalace.

Ku rubuta sunan allurar da adadin da take yi a takarda, ku riƙe lambar wani ma'aikacin lafiya na unguwarku. In kuwa ta fara amai, ga ƙishirwa da yawan fitsari, tana jan numfashi da ƙarfi ko tana magagi, wannan ba ta jiran a sassauta doka. Ku ɗauki katin asibitinta, ku nuna wa jami'an tsaron da ke shingen farko, ku nemi su bar ku ku wuce ko su raka ku.