Hukuncin yaɗa zargin da ake yi kan kisan gidan sarautar Nepal

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aikin gadi a Qatar tare da wasu 'yan Nepal, kuma duk lokacin da hira ta kai ga kisan da aka yi wa sarkinsu da iyalansa, sai su rantse cewa ƙanensa ne ya shirya abin don ya gaji sarauta. Sun turo mini bidiyon da ke bayanin haka, ni kuma na tura wa abokaina. Wani ya ce na yi ƙazafi, wani ya ce ai ba Musulmi ba ne, babu komai. Mene ne hukuncina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa ne, don haka bari mu fara da abin da ya tabbata.

A daren Juma'a 1 ga Yuni 2001 aka buɗe wuta a wata liyafar iyali a fadar Narayanhiti da ke Kathmandu, aka kashe mutum tara, ciki har da Sarki Birendra da matarsa Aishwarya da 'ya'yansu biyu, Nirajan da Shruti, da ƙanen sarki Dhirendra wanda ya cika daga baya a asibiti. Yarima mai jiran gado, Dipendra, babban ɗan sarkin, an same shi da harbi a ka, aka naɗa shi sarki yana kwance bai san inda yake ba, ya mutu ranar 4 ga wata, sarauta ta koma hannun baffansa Gyanendra, wani ƙanen Sarki Birendra, wanda shi ne abokan aikinka suke zargi. Kwamitin mutum biyu da aka kafa, wato alƙalin alƙalai Keshav Prasad Upadhyaya da kakakin majalisa Taranath Ranabhat, ya yi aikin kusan mako guda ya ce Dipendra ne ya yi harbin sannan ya harbe kansa. Waɗanda suka tsira daga ɗakin ma sun faɗi haka, kamar likitan soja Rajiv Shahi, surukin Dhirendra, wanda ya tara 'yan jarida ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa. Dalilin da aka fi ambata shi ne saɓani da iyayensa kan Devyani Rana, yarinyar da yake so ya aura.

Ba na cewa shakkun abokan aikinka ba shi da tushe. Sanarwar farko da ta fito daga fada cewa ta yi bindiga ce ta tashi bisa kuskure, maganar da ko yaro ba zai karɓa ba. An ƙone gawarwakin cikin gaggawa bisa al'adarsu ta Hindu ba tare da likitoci sun yi cikakken bincike a kansu ba. Dipendra da hannun dama yake aiki, amma aka ce raunin yana gefen hagu na kansa. Gyanendra yana garin Pokhara a daren, ɗansa Paras yana wurin liyafar ya fita lafiya, daga baya kuma aka rushe ginin da abin ya faru. A gefe guda, matar Gyanendra ɗin, Komal, tana cikin waɗanda aka harba har ta ji mummunan rauni, abin da masu yaɗa irin wannan bidiyo ba kasafai suke son tsayawa a kansa ba.

Irin waɗannan abubuwa su ne malaman fiƙihu suke kira ƙarina, wato alamar da ke nuni zuwa ga abu ba tare da ta tabbatar da shi ba. Shari'a ba ta watsar da ƙarina ba, domin da rigar da aka yage ta baya aka wanke Annabi Yusuf (AS), kuma Malikiyya sun yi fice wajen aiki da ita. Sai dai rigar Yusuf ta nuna gefe ɗaya ne tak, waɗannan alamomi kuwa kowace tana ɗaukar fassara fiye da ɗaya. Iyakar abin da suke tabbatarwa shi ne binciken da aka yi yana da giɓi. Tsakanin “binciken bai gamsar da ni ba” da “wane ne ya kashe” akwai tafiya mai nisa, kuma amfana da mutuwar mutum ba hujja ba ce ta kashe shi, in ba haka ba da kowane magaji ya zama abin tuhuma ranar rabon gado. Ka lura kuma masu zargin ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu sun ce Gyanendra, ɗaya daga cikin jagororin 'yan tawaye masu aƙidar gurguzu ta Mao, Baburam Bhattarai, kuma ya rubuta a jaridar Kantipur kwanaki kaɗan bayan abin yana ɗora hannu a kan hukumomin leƙen asirin Indiya da Amurka, kuma a lokacin ƙungiyarsa tana yaƙi da masarautar, saboda haka maganarsa maganar abokin gaba ce.

Allah Maɗaukaki ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilmi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu (Isra'i, aya ta 36). Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, Muslim ya ruwaito. Danna maɓallin turawa a waya yana cikin wannan, don wanda ka tura wa ba ya ganin 'yan Nepal ɗin, sunanka yake gani.

Shi kuma wanda ya ce maka ba Musulmi ba ne, ya yi kuskure babba. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa an tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibar, 'yan'uwansa suka zargi Yahudawan garin, alhali akwai gaba ta fili a tsakani kuma a ƙasarsu aka tsince shi. Da Annabi (SAW) ya nemi su yi rantsuwa hamsin, sai suka ce yaya za mu rantse ba mu halarta ba, ba mu gani ba? Bai kama Bayahude ko ɗaya ba, shi ya biya diyyar raƙuma ɗari. Jinin sahabi ke nan, zargin kuma ya fi naka ƙarfi nesa ba kusa ba. Allah ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci (Ma'ida, aya ta 8). Gyanendra yana da laifuffukan siyasa da duniya ta shaida, kamar ƙwace mulki gaba ɗaya a Fabrairun 2005, abin da ya kai ga soke sarautar a Mayun 2008, faɗin wannan ba laifi ba ne. Jingina masa jinin ɗan'uwansa kuwa wata magana ce daban.

Saboda haka, karanta tarihin da tattauna shi ya halatta, haka nan cewa “hukuma ta ce kaza, wasu 'yan ƙasar suna shakka saboda kaza”, matuƙar ka kawo ɓangarorin biyu da gaskiya. Yanke cewa wane ne ya yi kisan, ko tura abin da ya yanke hakan ba tare da bayani ba, haramun ne. Abin da ka yi ba ƙazafi ba ne da ma'anar fiƙihu, domin wannan ya keɓanta da jifa da zina, babu haddi a kanka, amma yaɗa zargi ne ba da hujja ba. Ka yi istigfari, ka goge bidiyon, ka koma inda ka tura shi ka rubuta cewa zargi ne da ba a tabbatar ba. Abokan aikinka kuwa kada ka yi musu da su, sarkinsu ne da suke ƙauna aka kashe musu. In sun tambaye ka ra'ayinka, ka ce ba ka halarta ba, ba ka gani ba.

Wallahu a'alam.