Sunan wa ke kan asusun?

Wasiƙar wannan makon daga Ingila ta zo, daga wata baiwar Allah 'yar Gangare a nan Jos. Na taƙaita ta:

"Malam, shekarata uku a Birmingham da bizar aikin kula da tsofaffi. Yayana ya shiga harkar kirifto tun zamanin maining (dannar waya don tara kirifto kyauta), yanzu ya haɗu da wani mai P2P (canjin kirifto da kuɗi tsakanin mutum da mutum) a wajen Terminus. Mutumin ya ce in bari a riƙa turo fam cikin asusuna ina turawa inda ya ce, shi kuma ya ba Yaya naira a farashin da ya fi na manhaja, ni ma da ladana. An yi sau ɗaya, fam 900 daga sunan wata Baturiya da ban sani ba. Yanzu an ce fam 4,000 na tafe. Ga kuma Yaya yana son kuɗin da nake tarawa na takardar zama, wai zai saka a wani dandali mai ninka kuɗi cikin wata guda. Da na yi jinkiri sai Hajiya ta kira ni, ta ce tun da na tafi na canza, na manta Yaya ne ya sayar da filinsa na Rikkos aka biya ejan ɗin da ya kai ni. Wallahi ba na barci."

Ƙanwata, Allah ya yaye miki. Da fam 4,000 ɗin nan zan fara, don shi ne wutar da ta kama gefen zane. Kada ki karɓa. Yau ɗin nan ki rubuta wa mutumin, a rubuce ba da murya ba, cewa kada a sake turo ko sisi cikin asusunki, ki kuma ajiye saƙon.

Ki tambayi kanki: me mai canjin da ke zaune a Jos, walet ɗinsa cike da USDT (kirifton da darajarsa ke bin dala), yake nema a asusun ma'aikaciyar gidan tsofaffi? Kuma wace hulɗa ce tsakanin Baturiyar nan da Terminus? Ruwa ba ya tsami banza. Ga yadda abin ya saba tafiya. Wani ɗan damfara ya yaudari wata tsohuwa, ko da soyayyar ƙarya ko da sunan shi ma'aikacin banki ne. Ba zai ba ta asusunsa ba. Sai ya nemi mai P2P ya ce zai sayi USDT, mai P2P ya miƙa masa lambar asusunki, tsohuwa ta tura miki. Ɗan damfara ya kwashi USDT ya ɓace, mai canji ya ci ribarsa, Yaya ya karɓi naira. Ranar da tsohuwar ta farga ta kai ƙara, cikin mutum huɗun nan suna ɗaya ne kawai ke rubuce a takardar banki, da adireshi da hoton fasfo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bankunan can kuwa ba sa jira a yi dogon bincike. Tun 7 ga Oktoban 2024 doka ta tilasta a mayar wa wanda aka yaudara kuɗinsa har zuwa fam 85,000, kuma bankin da ya tura da bankin da ya karɓa ne ke raba asarar biyu. Wato bankinki zai biya rabi daga aljihunsa saboda ke. Sai ya rufe asusun, sau da yawa ba tare da ya faɗa miki dalili ba, ya kuma kai sunanki rumbun Cifas na waɗanda ake zargi da zamba, wanda bankuna ke dubawa. Tambarin nan yana iya kai shekara 6 a kan mutum. Da shi buɗe sabon asusu ma aiki ne, balle kwantiragin waya ko bashi. In abin ya kai kotu, dokar halasta kuɗin haram ta 2002 hukuncinta na kai shekara 14, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da wanda aka ga yana karɓar lada ba.

Za ki ce, to idan kuɗin halal ne fa, na ɗalibai ko 'yan kasuwa? Ko da haka ne, karɓar kuɗin jama'a ana aikawa don lada sana'a ce da sai da rajistar FCA, hukumar da ke kula da harkar kuɗi a can, ake yin ta. Ba ki da ita. Ba kuma ta cikin aikin da bizarki ta ba ki.

Ke kin fi ni sanin yadda takardunki ke rataye da juna. Albashi ta banki yake shiga. Aikin kula da tsofaffi sai da tantancewar DBS, wadda hukuncin kotu ke fitowa a cikinta. Aiki ya tafi, mai ɗaukar nauyinki ya sanar da Home Office, ma'aikatar da ke ba da biza, a rage miki biza zuwa kwana 60. Abin da Yaya bai sani ba shi ne ƙofar da kika bi an rufe ta: tun 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Wanda ke ciki yana iya sabuntawa. Wanda ya fito, ko fili goma aka sayar ba ta nan zai koma ba.

Na ga wannan da idona. Wani yaro ɗan Unguwar Rogo da ya je digiri na biyu, sau uku kacal aka bi ta asusunsa. Ladan da ya ci bai kai kuɗin hayar mako biyu ba. Da banki ya kira shi, mai canjin ya koya masa ya ce kyauta ce daga abokinsa. Aka ce ya faɗi inda ya san abokin, ya kasa. Ƙaryar ta fi kuɗin yi masa illa, don ita ta nuna ya san akwai abin ɓoyewa. Mai canjin kuwa ya sauya layi. Har yau ina ganinsa a gari da motarsa, ana gaishe shi da Alhaji.

Saboda haka, game da fam 900 da ya riga ya wuce: kada ki goge komai. Hirarku da Yaya, da ta mutumin, da hoton inda kika tura, duk ki adana a wuri biyu. Kafin mako ya fita ki nemi shawara a Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, ko wajen lauya, ko mai ba da shawarar shige da fice da ke da rajistar hukumar da ke kula da su, IAA, wadda a da ake kira OISC. Ban da "wani ɗan gida da ya san hanya". Idan banki ya riga ki kira, ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Idan kuma kin wayi gari kin ga 4,000 ɗin ya shigo duk da kin hana, kada ki tura shi gaba, kada kuma ki mayar ta lambar da wani zai ba ki. Ki kira banki ki ce kuɗin da ba ki san mai shi ba ya shigo, su mayar da kansu.

Aiken gida kuma ki koma kamfanonin da ke cikin rajistar FCA a can, suke kuma da lasisin CBN a nan. 'Yar ratar farashin da ake kwaɗaita miki, tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta ragu ƙwarai, ba ta kai a sayar da suna a kanta ba.

Sai dandalin Yaya. Ni ba na cikin masu cewa duk kirifto sata ce. CBN ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye a Disamban 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da zuba jari ta ba kamfanonin kirifto Busha da Quidax amincewar farko, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar. Akwai yaran da na sani a titin Bauchi da ke cin abinci da ita tsakani da Allah. Ko maining ɗin da aka yi ta dariya, ban ga laifinsa sosai ba. Lokacin da manhajar Notcoin ta fashe, wato ta fara biya, a 2024 wasu sun samu na cefane, Hamster kuma ta zo ta ba kowa kunya bayan an yi watanni ana dannar waya a teburin mai shayi. Amma abin da aka yi asara data ce da barci, ba jari ba.

Wanda ya ce zai ninka miki kuɗi a kwana 30, wannan ba kasuwa yake yi ba. Bitcoin kanta, uwar tafiyar, daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 ta gangaro wajen 16,000 cikin shekara guda. Wa ya isa ya yi alƙawarin riba a kan abin da ke irin wannan tsalle? MMM kashi 30 cikin 100 ta yi alƙawari a wata, ta daskare a Disamban 2016. CBEX ninki ta yi alƙawari, da zancen wai na'ura mai basira ce ke cinikin, ta rufe a Afrilun 2025, har aka ce wa mutane su ƙara zuba dala 100 ko 200 kafin a sakar musu nasu, wasu kuma suka zuba. Duk salon ɗaya ne: a biya na farko da kuɗin na baya, na farkon ya nuna alat a majalisa, ya jawo surukinsa. Idan Yaya ya turo miki takardar CAC ki ce masa wannan rajistar suna ce, ko mai sayar da katin waya yana iya yin ta. Ya nuna sunan dandalin a jerin SEC. Ki kuma gaya masa don kansa, cewa dokar 2025 ta tanadi ɗaurin da ke kai shekara 10 ga masu tafiyar da irin wannan tsari, kuma mai jawo mutane yana cin kamasho bai kamata ya ɗauka shi ɗan kallo ba ne.

Kuɗin takardar zama ta dindindin ya haura fam 3,000 a kan mutum ɗaya, ban da jarrabawa. Wannan ba rarar kuɗi ba ce da za a gwada sa'a da ita.

Yanzu maganar da ta fi hana ki barci, don na san ba banki ba ne, muryar Hajiya ce. Gaskiya ɗaya Hajiya ta faɗa: ana bin ki bashi. Mutum ya sayar da fili saboda ke, a garin da fili ke tsada kamar Jos, wannan ba abin mantawa ba ne. (Ejan ɗin da ya karɓi kuɗin, shi ma da sauran magana, don takardar ɗaukar nauyi ba kayan sayarwa ba ce a dokarsu. Mu bar shi zuwa wani makon.) Amma bashin da ba a yanka masa adadi ba, ba ya biyuwa. Yau asusu, gobe ajiya, jibi wani abu, kullum kuma filin Rikkos ne hujja. A nan ina bayanki, kuma ba na jin nauyin faɗa: ba daidai ba ne a riƙa tatsar ƙanwa da alherin da aka yi mata, har a sa uwa ta yi mata barazana da fushi. Yaya bai yi don mugunta ba, na yarda, shi ma ruɗarsa aka yi. Amma shi idan abin ya ɓaci a gidansa zai kwana. Ke ce za a ba kwana 60.

Ki nemi babba ɗaya da Yaya ke jin kunyarsa, kawu ko baffa ko limamin unguwa. A zauna a ƙiyasta abin da fili irin wancan ke yi a Rikkos yau, ba farashin da aka sayar da shi shekara uku da suka wuce ba, don naira ta zube tun lokacin kuma adalci ne ki ɗauki wannan. A rubuta, da shaidu, a raba shi wata-wata gwargwadon albashinki. In ya karɓi nasa ya ga dama ya zuba a dandalin, kuɗinsa ne, kin yi nasiha kin fita. Na Hajiya kuma ki ware shi daban, ya riƙa shiga hannunta kai tsaye.

Idan za ki kira ta, kada ki kawo mata zancen USDT ko Cifas, ba za ta saurara ba. Ki ce, "Hajiya, kuɗin da ake turowa na mutanen da ban sani ba ne, in na sata ne ni za a kama a koro ni, Yaya kuma ya tashi ba fili ba ƙanwa a waje. Filinsa zan biya shi, ga Kawu shaida." Ki yi shiru ki bar ta ta yi faɗanta har ta gama. Washegari ki sake kira ki gaishe ta kamar ba a yi ba.