Amsa Kan Tsiron Tumatir da Barkono da Suka Zuƙe Suka Langaɓe a Cikin Ɗaki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki da hoton da kika haɗa: tumatir da barkonon da kika shuka a cikin ɗaki sun yi kwana goma da tsirowa, sun yi tsawo siriri kamar zare, sun ɗashe, duk sun karkata wajen taga, wasu har sun fara kwanciya. Kika ce ko taki suke so. Don Allah ki ajiye takin nan tukuna, yunwar haske ce ke damunsu.

Tsiro idan bai samu isasshen haske ba, duk ƙarfin da ya ɗauko daga ƙwayar iri sai ya zuba shi a tsawo, yana miƙa wuya yana neman inda hasken yake. Kara ya yi ta tafiya sama ba kauri, saiwa kuma a bar ta a baya. Idonmu na ganin ɗaki fayau, amma a wurin tsiro wannan hasken bai taka kara ya karya ba. Shekarar da na fara reno a cikin ɗaki, ni ma na ga sun rame na ɗura musu taki da ruwa safe da yamma. Cikin kwana huɗu na tarar da rabinsu a kwance. Da na ɗaga ɗaya na duba, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi duhu, kamar an shaƙe shi da zare. Ruɓewar gindi ke nan, cutar da danshi da rashin iska ke kawowa, kuma wanda ta kama ba ya tashi. In kin ga irin haka a naki, ki cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi yau ɗin nan.

Fitila za ki fara nema. Doguwar fitilar nan fara mai sanyi ko farar LED duk suna yi. A rataye ta kusa, kamar santimita 5 zuwa 10 daga saman ganye in mai ƙaramin ƙarfi ce, a riƙa ɗaga ta yayin da suke girma. Nisa na cinye haske fiye da yadda mutum ke zato, shi ya sa ƙwan da ke maƙale a silin ba ya tsinana musu komai. Ki sa bayan hannunki daidai tsayin ganyen na minti ɗaya. In kin ji zafi, ta yi kusa da yawa. Awa 14 zuwa 16 a kunne, sauran a kashe, domin suna buƙatar duhunsu. In taga kaɗai gare ki, ki zaɓi wadda rana ta fi daɗewa a kanta, ki riƙa juya tukunyar kullum, ki kuma jingina farin kwali a bayansu ya dawo musu da haske.

Zafi ma yana da hannu. Iri na son ɗumi kafin ya fasa, amma da zarar ya fito, zafi a cikin ƙarancin haske ƙara zuƙar da shi yake yi. Tumatir ya fi yin kauri a wajen digiri 18 zuwa 21. In kin rufe su da leda, ki yaye.

Tsawon da suka riga suka yi ba zai koma ba, sai dai a binne shi. Nan tumatir ya yi mana gata, domin karansa na fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta rufe shi. Ki jira sai ainihin ganye ya fito, ban da 'yan biyun farko masu santsi, sannan ki dasa kowanne a tukunyarsa, ki nutsa karan har kusa da ganyen ƙasa. Ki riƙe shi ta ganye, kar ki matsa karan. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje an rasa tsiron. Barkono ba ya saurin yin saiwa a kara kamar tumatir, don haka shi kaɗan za ki ƙara masa zurfi.

A hoton na ga sun cunkushe, kusan goma a gwangwani ɗaya. Suna yi wa juna inuwa, kowa na rige-rigen tsawo. Na san akwai ciwo, amma ki sa almakashi ki datse raunanan daga gindi, kar ki tumɓuke, don kada ki girgiza saiwar na kusa.

Sai iska. Ƙaramar fanka daga nesa, yadda ganye zai riƙa ɗan rawa kawai, awa biyu ko uku a rana. Ni har shafa kansu nake yi da tafin hannu a hankali duk safiya. Wannan motsin yana rage musu saurin tsawo, karan ya yi ƙwari. Ruwa kuma sai saman ƙasa ya bushe, a zuba a faranti a ɗora tukunyar ta sha ta ƙasa, a zubar da ragowar.

Taki sai bayan dashe da kamar mako guda, shi ma a tsarma shi sosai, rabin abin da aka rubuta ko ƙasa da haka. Ki sake turo mana hoto bayan kwana bakwai mu ga launin sabon ganyen da kaurin karan.