Lissafin tudu ba ya aiki a kan teku

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce takardar kamfani ta nuna farantin sola yana rage ƙarfi da wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, kana tambaya ko za ka ninka wannan sau 25, wato na shekara 25, ka ba mai aikin da yake son shimfiɗa faranti a kan ruwan gishiri. Kul, kada ka soma. Adadin nan daga faranten tudu aka samo shi, waɗanda ke kafe a wuri guda. Na teku kuwa rawa yake dare da rana, gishiri na lasarsa.

Shekarar farko za ta iya ruɗinka. Ruwa da iska suna sanyaya faranti, shi kuwa duk digiri ɗaya na zafi yana cinye masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, saboda haka za ka ga mita tana yi maka fara'a. Kada ka gina hasashe a kanta.

Lokacin da nake aiki a Legas, an kira ni wani gida da ke bakin ruwa, wai inbata, na'urar da ke mai da wutar faranti wutar gida, tana ƙin tashi da safe sai rana ta ɗaga. Gilashin faranten tas, kamar jiya aka kafa. Da na ɓalle mahaɗin waya guda, cikinsa ya yi kore shar, ƙarfen yana marmashewa a yatsana. Inda noti ya kama firam ɗin alminiyom kuwa farin gari ya taru kamar an barbaɗa kanwa. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu ruwan gishiri ya shiga tsakani, batir suke zama, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Raɓar asuba kuma ita ke ba wuta hanyar zurarewa, shi ya sa inbatar take jira a bushe. A kan rufi ke nan fa, ina ga wanda ke zaune cikin ruwan.

Akwai ɓarnar da ido ba ya gani. Robar da ke manne ƙwayoyin faranti da gilashi, wadda ake kira EVA, in laima ta ratsa ta sai ta fitar da tsami irin na binega, ya bi siraran layukan azurfa yana ci. Domin haka a kan ruwa na fi yarda da mai gilashi gaba da baya. Ga kuma PID, wato raunin da ƙarfin wuta ke jawo wa faranti: an jera faranti wuta ta kai bolt 1,000 ko 1,500, gilashi a jiƙe, sai sinadarin sodiyom ya riƙa kutsawa cikin ƙwayoyin, faranten da ke bakin layi su fara rauni. Igiyar ruwa tana lanƙwasa faranten tana saki, tsaga ƙanana suna buɗewa, waya tana gogar roba har ta feɗe. Kashin tsuntsu ma ba abin wasa ba ne, inda ya rufe nan ke ɗaukar zafi.

Za su nuna maka takardar gwaji. IEC 61701, ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa, ta hazon gishiri ce, IEC 61215 kuma a cikinta ake dafa faranti awa 1,000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85. Ka nemi duka biyun, amma ka tuna a ɗakin gwaji bi da bi ake kawo wahalar, teku kuwa taron dangi take yi. Manyan ayyukan teku ma jarirai ne: na Tekun Arewa a gaɓar Holan a 2019 aka fara, na megawat 5 da ke mashigin Johor a Singafo kuma 2021. Sannan akwai asarar rana ɗaya. A madatsar Yamakura ta Japan, wadda ba ma gishiri a cikinta, guguwar Faxai ta tattare faranti a Satumban 2019, suka hau kan juna har wuta ta kama.

To ga yadda nake yi. Ranar da aka kafa, ka auna ƙarfin wasu faranti, na gefe da na tsakiya, ka rubuta lambar kowanne. Ka ajiye irinsu biyu a tudu, nesa da feshin ruwa, su ne ma'auninka. Duk wata shida ka sake awo, amma sai ka wanke da ruwan daɗi tukuna, in ba haka ba datti za ka auna ka ce tsufa ne. Awon zurarar wuta da asuba ake yi, kyamarar zafi da tsakar rana. Sai ka tara awo huɗu ko biyar kafin ka ja layin hasashe.

Shi kuma mai aikin, ka ba shi lissafi biyu, na sauƙi da na tsanani, ka sa masa kuɗin canjin waya da mahaɗai daban. Kafin ka tura masa, kawo min in duba.