Tafiyar karrama ma'aikata zuwa bakin teku a hamada: in karɓi farashin Agusta?

Tambaya: Ni aka ɗora wa shirya tafiyar karrama ma'aikatanmu da suka fi ƙwazo a bana. Mutum 60 ne, kwana huɗu, a wani otal da ke bakin Tekun Fasha, hamada na bayansa. Dillalin tafiye-tafiye ya kawo farashi biyu, kuma na Agusta bai wuce rabin na Janairu da yawa ba. Ya ce kada zafi ya dame mu, iskar teku na sanyaya wurin, ruwan sha kuma zai wadata. A jadawalinsa akwai wasanni a bakin ruwa da hantsi, hawan tuddan yashi da mota, da liyafar dare a sansanin hamada. Shugabanmu ya ƙyalla ido a kan ragin. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don a cikinmu akwai masu hawan jini, masu ciwon suga, da mai juna biyu. Mako mai zuwa ake jiran kafin alƙalami. In biya?

Amsa: Malama, kada ki biya a kan wannan jadawalin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Otal-otal ɗin wannan gaɓar suna karya farashi a Agusta ne domin waɗanda suka san wurin ba sa zuwa a lokacin.

Maganar nan ta "iskar teku" ita ce ƙaryar da ta fi yawo a wannan sana'a, kuma ita ce mai kai mutum asibiti. Jiki ba ya sanyaya don ya yi gumi, sai gumin ya bushe. Kamar randa ne: a busasshiyar iska ruwanta kan yi sanyi saboda raɓar da ke tsattsafowa a jikinta tana ƙafewa, amma ki kai ta inda iska ta ƙoshi da laima, sai ta jiƙe sharkaf ruwan cikin na nan da ɗuminsa. A Agusta ɗumin ruwan saman Tekun Fasha yakan haura digiri 33 a ma'aunin Salshiyas. Iskar da ta ratso ta kan irin wannan ruwa tururi take ɗaukowa. A Dubai zafin rana a wannan wata yana kai wajen digiri 41, da dare kuma da ƙyar yake sauka zuwa 30. Wato gumi na zuba, riga ta manne, amma zafin cikin jiki na ci gaba da hawa. Ko shiga ruwan ma ba wani sauƙi ba ne, tunda ɗuminsa ya kusa na fatar mutum.

Sai kuma a ce "ai mutanenmu sun saba da zafi". Wane zafin? Digiri 42 a busasshen wuri daban, digiri 38 mai laima daban, kuma na biyun ya fi haɗari. Sabon da jiki ke yi da aiki cikin zafi yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14, yana kuma gushewa in an daina. Wanda ke wuni a ofis mai sanyi ba shi da wannan sabon ko a ina aka haife shi, tafiyarki kuwa kwana huɗu ce.

Ki tambayi dillalin nan abu ɗaya. Hadaddiyar Daular Larabawa tun 2005 take hana aiki a fili da tsakar rana, yanzu daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ƙarfe 12:30 zuwa 3:00. Katar ta fi tsanani: tun 2021 haramcin nata daga ƙarfe 10:00 na safe ne zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Idan doka ta janye leburorin gini, majiya ƙarfi waɗanda suka saba, daga rana, da wace hujja za a fitar da akanta mai shekara 55 da hawan jini ya yi jan igiya a kan yashi da ƙarfe 11? Za ki ji ya fara kame-kame.

"Ruwan sha zai wadata" ma rabin gaskiya ce. Ruwa na mayar da abin da gumi ya kwashe, ba ya busar da gumin. Mai motsa jiki cikin zafi yana bukatar kamar kofi ɗaya, mililita 250, duk minti 15 zuwa 20, kuma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba abinci ba gishiri, gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya rikice, a ɗauka zafi ne a ƙara ɗura masa. A tanadi ruwan gishiri da suga na ORS. Masu hawan jini da ke shan maganin sa fitsari ko mai rage bugun zuciya suna cikin masu saurin galabaita, kuma ba ke ko dillali za ku ce su rage magani ba, likitansu ne kafin tafiya. Insulin, allurar masu ciwon suga, in an buɗe shi ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, motar da aka ajiye a rana kuwa ta wuce haka nesa.

Duk wanda zai jagoranci ayari ya san bambancin galabaita da bugun zafi. Mai galabaita na jin jiri, tashin zuciya da ciwon kai, amma hankalinsa na nan: inuwa, kwanciya, abin sha. Da zarar magana ta fara sarƙewa, ko ya hau faɗa ba dalili, ko yana tangaɗi, to an shiga bugun zafi, zafin cikinsa ya kai wajen digiri 40. Kada a jira fata ta bushe, yawancin waɗanda ya kama suna motsa jiki gumi na zuba musu. Ana fara sanyaya shi nan take, kafin motar asibiti ta iso: a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya, in babu a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Farasitamol ba ya komai a nan. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi abin sha. Sansanin hamada na iya zama tafiyar awa guda daga asibiti, don haka a rubuta a yarjejeniya cewa akwai ma'aikacin jinya, ƙanƙara, babban baho, da motar da ba ta da wani aiki sai jiran ko-ta-kwana.

Abin da za ki kai wa shugabanku shi ne farashin Agusta na gaskiya. Ki cire duk wani shiri na fili tsakanin hantsi da la'asar sakaliya, ki sa kuɗin hayar zaure mai sanyi da na motocin da za su riƙa kai mutane ƙofa zuwa ƙofa, sannan ki kwatanta. Ragin zai tsuke, abin da ya saura kuma kwana huɗu ne a cikin gini, teku ana hango shi ta taga. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin wurin. A Janairu rana wajen digiri 24 ce, dare a hamada kuma har sai an sa rigar sanyi.

In Agustan ne ba ya ɗaguwa, a sauya gaɓa. Swakopmund a Namibiya hamada ce a bakin teku, amma igiyar ruwan Benguela mai sanyi ce ke wucewa ta nan, Agusta kuma hunturunsu ne: hazo da sanyi, ruwan bai yi daɗin iyo ba. Salalah a Oman tana cikin yayyafin da suke kira harif, gari ya yi kore, sai dai teku na hauka. Sharm el-Sheikh da Hurghada na Masar, a Bahar Maliya, sun fi Tekun Fasha bushewa, amma zafin na nan.

Sauran a taƙaice. Mai juna biyu, mai ciwon baya da mai ciwon zuciya ba sa hawa tuddan yashi da mota ko a wane wata, a kai su sansani ta shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma a shirya hakan yadda ba wanda zai tona cutarsa gaban abokan aiki. Ki karanta takardar inshora da kanki, da yawa ba sa biyan raunin babur mai ƙafa huɗu. In akwai nutso da tukunyar iska, a bar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgi, don haka ba a sa shi ranar ƙarshe. Fasfo ya kasance da sauran wata shida. A yarjejeniyar otal a fayyace ɗaki nawa za ki iya fasa kamawa ba tara, da zauren da za a koma in yanayi ya ɓaci. Zafin Agusta ba ya shiga sharaɗin abin da ya fi ƙarfin kowa, tunda an san da shi, ba za a mayar miki da ko sisi a kansa ba. Ruwan sama ma ki sa shi a lissafi: ranar 16 ga Afrilu 2024 ambaliya ta tsayar da filin jirgin Dubai, aka yi kwanaki jirage ba su daidaita ba. Kafin ki saki kuɗi, ki nemi dillalin ya rubuto miki sunan asibiti mafi kusa da sansanin, da minti nawa ne a mota daga can.