Hunturu da Hutun Ƙarshen Shekara: Likita na Amsa Tambayoyinku

Daga tsakiyar watan Disamba makarantu kan tafi hutu, yara su dawo gida, 'yan uwa da ke aiki a Legas da Abuja su zo ganin gida, bukukuwan aure su yawaita, ga kuma Kirsimeti da sabuwar shekara. Duk wannan hidima tana faɗowa ne a daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Yawancin tambayoyin da suka iso mana a wannan makon sun shafi yadda iyali za su wuce wannan lokaci lafiya ba tare da sun kashe abin da ba su da shi ba.

Tambaya daga wata uwa a Funtuwa: Likita, kuɗin gas ya fi ƙarfinmu, mun koma gawayi. Idan na gama girkin dare nakan shigar da kaskon garwashi ɗakin yara in rufe ƙofa da taga don su ji ɗumi, amma wani lokaci sukan tashi da ciwon kai. Sanyi ne ke kawo shi?

Hajiya, ba sanyi ba ne, kuma ina roƙonki ki daina wannan al'ada daga daren yau. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari, don haka mai barci ba ya samun wata alamar da za ta tashe shi. Idan aka shaƙe ta, takan manne wa jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke bukata. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma abin da ya fi fallasa ta shi ne a ga duk waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya sun tashi da irin wannan ciwo tare, sa'annan su ji sauƙi da zarar sun fita tsakar gida. Mutane da yawa suna ganin idan garwashi ya yi ja ya daina hayaƙi to ba shi da illa, alhali a wannan hali ma yana ci gaba da fitar da gubar.

Idan kika taɓa samun yaro ya kasa farkawa sosai, ko yana amai, ko maganarsa ta rikice, ki fitar da kowa waje, ki buɗe ƙofa da taga, ki garzaya da shi asibiti, ki kuma gaya wa ma'aikata cewa da garwashi suka kwana, domin maganin shi ne oksijin, kuma idan ba a faɗa ba ana iya ɗaukar abin a matsayin zazzaɓin cizon sauro. Wannan hukunci ya shafi janareta ma: ba a kunna shi a soro, ko a baranda, ko a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, a nisanta shi da taga da ƙofa aƙalla mita 6.

Ɗumin da yara ke bukata ba ya cin kuɗin gawayi. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sun fi riga ɗaya mai kauri riƙe zafin jiki, kuma na gwanjo da aka wanke aka shanya a rana suna yin aikin da sababbi ke yi. A sa musu hula da safa, a shimfiɗa tabarma ko kwali a ƙarƙashin katifa don kada sanyin siminti ya ratsa, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Akwai kuma wata ɗabi'a da nake yawan gani, wato hura gawayi da leda, ko samari su tara tsofaffin tayoyi da robobi su cinna don jin ɗumi a bakin layi. Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu, kuma yana iya tada wa mai asma ciwonsa cikin dare. Ƙirare ko busasshiyar ciyawa sun wadatar wajen hura wuta. Idan kuma tsautsayi ya sa yaro ya faɗa kasko ko ruwan zafi ya zubo masa, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai.

Tambaya daga wani magidanci a Maraɗi: Yarana uku duk suna mura da tari tun da hazo ya sauka. Na je kyamis an haɗa mini antibayotik da maganin tari na kowane yaro, kuɗi masu yawa, amma bayan mako biyu murar ta dawo. Wane magani ne ya fi ƙarfi?

Malam, babu maganin da ya fi ƙarfi a nan, domin antibayotik ba ya kashe irin ƙwayar cutar da ke kawo mura. Mura takan yi kwana 7 zuwa 10 ta tafi da kanta, tarin da ke biyo bayanta kuma yana iya kai mako uku, kuma ƙaramin yaro mai lafiya yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, musamman a lokacin da ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro. Abin da ka saya bai gajarta ciwon ba, sai dai ya iya jawo wa yaran gudawa, ya kuma koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinsu jure wa maganin, ta yadda ranar da za a bukace shi da gaske ba zai yi aiki ba. Maganin tari na kwalba ma ba a ba ƙananan yara shawarar shan sa, kuma tun shekarar 2018 Najeriya ta haramta wanda ke ɗauke da kodin.

Abin da ke taimakawa yana cikin gidanka. A ba su ruwa da kunu mai ɗumi akai-akai, mai shayarwa ta ƙara ba da nono, a ɗiga ruwan gishiri na hanci don sassauta majina. Ƙaramin cokali na zuma kafin barci yana rage tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, amma jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko kaɗan. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa.

Sai dai akwai wurin da jira ke zama kuskure, kuma a nan nake son iyaye su koyi ƙirga numfashi. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance a natse, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cikakke. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga mai wata 2 zuwa 11, da 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, alama ce ta nimoniya, wato ciwon huhu. Haka nan idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko ya ƙi shan nono, ko ya yi laushi, ko ya yi jijjiga, to asibiti za a nufa a ranar. Zazzaɓi kuma a yi masa gwajin maleriya, domin raguwar sauro a rani ba ƙarewarsa ba ce.

Tambaya daga wata matar aure a Kaduna: Baƙi sun cika mana gida, nakan dafa shinkafa da yawa da rana don ta kai mu har washegari, ga shi wutar lantarki ba ta zama. Tunda ana sanyi, ai abincin ba zai lalace ba?

Sanyin dare a Kaduna ko Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ko ƙasa kaɗan, firji kuwa yana aiki ne a digiri 5 ko ƙasa da haka, don haka tsakar gida ba ta maye gurbinsa, balle ma da rana zafi ya dawo. Shinkafa na da wata matsala ta daban: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe a ajiye sai ta fitar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa, kuma ita ce ke sa gida guda ya kama amai sa'o'i kaɗan bayan cin abinci. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a waje ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Shawarata ita ce ki rage tukunya, ki dafa abin da za a cinye a zama ɗaya, wanda hakan zai rage miki abin da ake zubarwa a bola. Miya da ɗumamen tuwo kuwa a tafasa su har tsakiya su yi tururi, ba a ɗan nuna musu wuta ba.

Ki kula da murfi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ya fi yaɗuwa daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙona daji ke koro ɓeraye cikin gidaje, kuma fitsarinsu da kashinsu a kan abinci ne babbar hanyar kamuwa. Hatsi da gari a zuba su a mazubi mai murfi, kwanukan dare a wanke su kafin a kwanta.

Tunda kin ambaci cikar gida, in ƙara da cewa wannan ne farkon lokacin sanƙarau, wanda ke bin yankinmu daga Senegal har Habasha a watannin rani, kuma cunkoso a ɗakin da aka rufe ruf yana taimaka masa. Ko ana muku-mukun sanyi a bar wata kafa ta iska. Zazzaɓi mai zafi tare da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin da ake kwana da shi ba ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar, don haka idan masu rigakafi suka zo unguwa a fito da yara.

Tambaya daga wani uba a Jos: Ɗiyata mai shekara tara tana da sikila, kuma kusan kowane Disamba sai mun kwana asibiti. Akwai abin da za mu yi a gida?

Allah ya ba ta lafiya, Malam. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, busasshiyar iska kuma tana janye ruwan jiki ba tare da yaro ya ji ƙishirwa ba, kuma waɗannan biyun ne ke sa ƙwayoyin jininta su maƙale su tada ciwon. A Jos, inda tudu ke sa sanyi ya fi na sauran garuruwan arewa, sai an ninka kula. A ajiye mata gorar ruwa tata ta kanta, a riƙa tuna mata sha tun daga safe, kuma alamar cewa ya isa ita ce fitsarinta ya yi haske. Wanka da alwala da ruwan ɗumi, a ɗage wankan zuwa hantsi, a tsane ta da wuri, kada a sa ta wanke-wanke da ruwan randa da asuba. Hidimar biki ba dalili ba ce ta tsallake magungunanta na kullum ko ranar ganin likitanta, kuma idan za ku yi tafiya ku ɗauki maganin da zai ishe ku. Tunda kwanciyar asibitin na maimaituwa, ku tambayi likitanta ko ta dace da maganin haidroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, wahalar numfashi, ɗashewa farat ɗaya, ko raunin wani sashe na jiki, duk na gaggawa ne.

Tambaya daga wata ɗaliba a Sakkwato: Ƙafata ta yi faso, leɓena na tsagewa, ƙanena kuma yana yawan haɓo. Sai mun sayi mai mai tsada?

A'a, ƙanwata. Man kaɗe ko Vaseline sun wadatar, sirrin yana ga lokacin shafawa, wato nan take bayan wanka tun fata na da danshi. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ki shafa mai, ki sa safa, kada ki yanke fason da reza. Ki daina lasar leɓe, domin yawu na ƙara busar da shi. Shi kuma ƙanenki, idan haɓon ya zo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ba baya ba kamar yadda aka saba, ya matse tattausan ɓangaren hanci minti 10 ba tare da saki ba. Idan jinin ya ƙi tsayawa bayan an maimaita, ko yana yawan dawowa, a kai shi a duba.

Tambaya daga wani matashi a Bauci: Mahaifiyarmu tana da hawan jini da ciwon suga, ga bukukuwa uku a danginmu cikin wannan hutu. Yaya za ta yi da abincin biki?

Ta je bikinta, amma ta ci wani abu mai sauƙi a gida kafin ta fita, kuma ta tafi da maganinta a jaka, domin yawancin waɗanda muke karɓa bayan biki ba abincin kaɗai ne ya kayar da su ba, tsallake magani ne na kwana biyu ko uku saboda hidima. Jini kuma yakan ɗan hau a lokacin sanyi, don haka a auna shi ko da sau ɗaya a mako. Babban abin gudu shi ne lemon kwalba, domin roba ɗaya ta rabin lita tana iya ɗaukar suga kusan giram 50, kimanin ƙananan cokula 12. Zoɓo ko kunun aya da aka haɗa a gida ba tare da suga ba sun fi mata, sun kuma fi wa aljihunku sauƙi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya yana cikin wannan lissafi, don haka a rage shi a ƙara daddawa, citta da tafarnuwa.

Wannan ne lokacin da kayan lambun fadama ke fara shigowa kasuwa, karas, kabeji, latas, tumatir da albasa, ga lemon zaƙi na Binuwai a kan baro. Ku cika mata rabin faranti da ganye da kwaɗon zogale, rubu'i wake ko kifi, rubu'i tuwo ko shinkafa, lemon kuma ta sha shi da totuwarsa maimakon a matse mata ruwansa. Kuma tunda ciwon suga na rage jin zafi a ƙafa, kada ta miƙa ƙafafunta kusa da kasko don jin ɗumi, kuma wani daga cikinku ya riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, idan an ga faso ya buɗe ko wani gyambo komai ƙanƙantarsa a kai ta asibiti ba tare da jiran a gama biki ba.