Ke ce mai zuwa Masar a ɓoye?

Amaryata,

Saƙonki ya iso shekaranjiya bayan la'asar, sai da na sa aka sake kunna mini shi, don da fari na zaci kunnena ne ya fara cin amanata. Wai ke da mutumin nan da ya ƙwace mini ke za ku kai yara Masar su yi hutun makaranta, kina tambaya ko dole ne sai kin bi gidajen dangi kin yi sallama, kuma ko tsaraba wajibi ce, tun da kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya karya mutum. Har da ƙarin cewa ƙawayenki sun ce yanzu ba a faɗin tafiya sai an dawo, saboda baki. Na yi dariya har kishiyarki ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Amma da na kwanta da dare maganar ta ƙi barina, ina ta juyi.

Kada ki ɗauka ku kuka fara fita ƙasar waje da ƙuruciya. Ni ma an fita da ni, a watan Disamba na 1961, ina ɗan shekara goma, Sarki Sanusi yana kan gadon Dabo. A lokacin shekarar karatu daga Janairu take farawa, don haka babban hutu a ƙarshen shekara yake faɗowa. Babanmu yana da wa a Kumasi ta ƙasar Gana, wanda ya tafi dillancin goro tun ba a haife ni ba, shi ne ya aiko da wasiƙa a kai masa iyali ya gani tun ƙasa ba ta rufe idon wani ba. Mu ba mu san wani abu wai shi zuwa hutu ba. Ziyara ake cewa, tsofaffi kuma su ce za mu Gwanja, ko da yake Gwanjar ainihi tana arewa da Kumasi, wajen Salaga, inda kakanninmu fatake suke kai jakuna, su yi watanni a hanya kafin su isa.

Kwana tara muka yi muna sallama. Innarmu ba ta fita da rana, sai an yi magariba ta yafa mayafi, ni in riƙe fitilar ƙwai a gaba, mu bi lungu-lungu daga unguwarmu har gindin Dala, wata rana har Fagge. Ko wane gida maganar ɗaya ce: mun zo sallama, a yafe mu. Su ce sun yafe duniya da lahira, su ma a yafe su. Har gidan wata da Inna ta yi wata biyar ba sa ga-maciji da ita muka shiga, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma suka rabu suna share hawaye. Da na tambayi kakarmu dalilin wannan wahala, cewa ta yi matafiyi da mai jego kabarinsu a buɗe yake, ba a shiga hanya da nauyin wani a wuya. Ta ƙara da cewa wanda ya fita bai yi sallama ba, in ya ɓata wa zai yi cigiyarsa? Kuma ba gidan da muka fito hannu rabbana. Wannan ta ba da ƙuli-ƙuli, waccan dakuwa, wata ƙullin kuka da daddawa a kai wa 'yarta da ke aure can, wani wasiƙar ajami a kai wa ƙaninsa. Kayan saƙo sun fi namu yawa.

A maƙwabtanmu akwai wata tsohuwa makauniya, Iya muke ce mata, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta da mazari tana kaɗi. Ita muka yi wa sallama a ƙarshe. Ta laluba ta kama hannuna, ta kwance bakin zanenta ta ciro taro ta damƙa mini. Ta ce, kai jikan fatake, shekara sittin ina cin goro, har yau ban sani ba ko tono shi ake yi kamar gyaɗa ko tsinko shi ake yi kamar kanya. In ka je ka duba mini, ka kawo mini ɗaya daga jikin uwarsa, ba na kasuwa ba.

Hanyar ba zan cika ki da ita ba. Jirgin ƙasa muka hau a tashar Kano, dalar gyaɗa tana tsaye a gefe don kaka ce, muka wuce Zariya, Kaduna, Minna, muka haye gadar Jebba ina manne da taga, har Iddo a Ikko, mil 700. Muka yi 'yan kwanaki a zangon Agege wajen wani abokin Baba, sannan muka shiga jirgin ruwa a Apapa, a saman dandali inda talakawa suke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tamfol. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kududdufin unguwarmu da damina, sai ga ruwa ba gaɓa. Inna ta kwana tana amai tana salati, Baba kuwa duk lokacin salla sai ya yi ta neman wanda zai nuna masa gabas. A Takoradi muka sauka, muka sake hawa jirgin ƙasa zuwa Kumasi, cikin kurmin da rana ba ta iya ratsa shi.

Zangon Kumasi ya ba ni mamaki fiye da tekun. Ka yi tafiyar kusan sati biyu, ka sauka ka ji ana kiran salla, ana tallan koko da ƙosai da Hausa. Sai dai Hausar tasu ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ƙato yana cewa matata ya tafi kasuwa. Na yi dariya ran farko, Inna ta make mini ƙeya. Su ma 'ya'yan Baffa dariya suke yi mini, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. A can na fara cin shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi ta yi jawur, da dokunu mai tsami da soyayyen kifi da barkono. Kuɗinsu da kan shugabansu Nkrumah a jiki, namu kwabon kuwa mai huji a tsakiya, muka yi ta musaya da yara kamar wasu manyan 'yan canji.

Ranar da nake son ba ki labari ita ce ranar da Baffa ya tafi da ni ƙauye sayen goro. Tun asuba muka shiga bayan wata akori-kura, ƙurar hanyar ja kamar an barbaɗa jan garura. Muka sauka muka bi wani manomi Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, da adda a hannunsa da zane a kafaɗa, ta cikin gonar koko. Ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye, ƙafa tana nutsewa, ga wani sanyi mai ɗanshi, ga tsuntsayen da ban taɓa jin kukansu ba. Ni ina ta kallon ƙasa, don a raina na riga na yanke cewa tono shi ake yi. Sai Baffa ya kama haɓata ya ɗaga sama. Itace ne dogo mai duhun ganye, ga wasu koraye masu ƙuraje-ƙuraje suna reto, ko wane ya kai tafin hannun babba. Manomin ya miƙa wata doguwar gora mai lauje a baki ya tsinko ɗaya, ya tsaga shi da adda. A ciki 'ya'ya ne a jere, ko wane lulluɓe da farar riga mai santsi. Na ce wa Baffa ai wannan ba goro ba ne. Ya sa farce ya yage rigar, sai ga shi ja, yana sheƙi, irin wanda nake gani a faifan masu talla a Kurmi. Wallahi sai da na ja da baya.

Na ce ina son ɗaya saboda wata tsohuwa a gida. Baffa ya fassara wa manomin, mutumin ya dube ni ya yi dariya, ya zaɓi mafi girma a cikin kwanson ya ba ni. Na miƙa masa taron Iya, ya juya shi ya duba, ya maida mini cikin aljihu ya dafa kaina.

A gidan Baffa akwai ɗakin da ba a ajiye komai sai goro. Mata suna zaune a tsakar gida suna ɓare wanda aka jiƙa, maza suna ware marsa daban, minu daban, fari daban da ja, duk wanda sankara ta taɓa a jefar da shi tun bai lalata 'yan'uwansa ba. Sannan a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu, a riƙa yayyafa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a sake dubawa. Baffa ya ce goro jariri ne, ba ya son iska, ba ya son rana, ba ya son a manta da shi. Ya ce in kawo nawa a sa a cikin huhun tsarabarmu. Na ƙi. Tsorona kada ya gauraya da sauran, in kasa gane wanda aka tsinko a gabana, in je in yi wa makauniya ƙarya. Na ƙulle shi a tsumma na cusa a aljihun jamfata, ko barci da shi nake yi.

Kin san abin da hunturu yake yi wa leɓe, to haka ya yi wa goron. Kafin mu wuce Minna a hanyar dawowa ya motse ya yi baƙi, ya koma kamar tsakuwa.

Rabon tsaraba ya ci mana kwana uku. Inna ta baje kaya a tabarma, ta kwance goro ƙwarya huɗu, wato 400 ke nan, tana lissafi da baki: gidan wance goma, gidan wance biyar da sabulun salo, kakarmu turmin atamfa, malamin allonmu marsa ashirin. A lokacin goron Shagamu ya riga ya cika kasuwar goro ta Ujile, amma tsofaffi in ka ce musu na Gwanja ne sai su gyara zama. Ni ne ɗan aike, kuma na tara tukwici har na fi ƙarfin alewar ɗinya na wata guda. Duk gidan da muka yi wa sallama sai da aka kai, ko da goro biyu ne. Kakarmu ta ce tsaraba shaida ce, tana nuna ka tuna da mutum a inda idonsa ba ya ganinka.

Iya aka ba ni guda biyar masu kyau in kai mata. Na miƙa, na tsaya ina murza aljihu, kunya ta hana ni. Ta ce ina nawa? Na kwance tsumman na sa mata a hannu. Ta shafa, ta shinshina, ta ce a miƙo mata magogi, don ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta goga da ƙyar ta zuba a baki, ta yamutsa fuska ta ce, tir, jikan fatake guda bai san a sa goro a ganye ba, wannan ai maɗaci ne. Sannan ta ce to zauna, tono shi ake yi ko tsinkowa? Na ba ta labarin itacen, da gorar, da farar rigar. Ta sa na maimaita sau uku. Daga ranar duk baƙuwar da ta zo mata sai ta aika a kira ni, ta ce faɗa mata, goro riga gare shi. Na gaji da labarin har na riƙa ɓuya a soro in na ji muryarta.

Baffa bai mutu a Kumasi ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama sati biyu su bar Gana, ya dawo da iyalinsa da akwati biyu da buta, gidan da ɗakin goron duk suka zama na wasu. Wata huɗu suna zaune a gidanmu, kuma ba daren da kwanon tuwo bai shigo daga maƙwabta ba, har daga gidajen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, goronsa kawai suka sani.

Yanzu kuwa bara wani ɗan ƙanena ya je Umara ya dawo, a bakin mai wankin hula na ji. Wasu sai dai a nuno mini hotonsu a waya, suna tsaye gaban wani dogon gini a Dubai sun ɗaga yatsu biyu, alhali da safe na aika a gaishe su an ce mini sun fita unguwa. Ban ce duk laifinku ba ne. Na san hanya ta lalace, ba kowa ake gaya wa ranar tashi da motar da za a shiga ba, wannan hankali ne. Na kuma san dangin yanzu, kana cewa za ka tafi sai a miƙo maka jerin abaya da turare da waya har da lambar takalmi, a ce wai tsaraba. Mu a da ba mai zaɓa wa matafiyi abin da zai kawo, in ban da irin su Iya, ita ma da taronta ta aike ni. Batun baki kuma, ban san me zan ce miki ba. Kakarmu ta fi kowa tsoron baki, ba ta bari a ƙirga jikokinta a gabanta, amma ita ce ta tura mu gidaje sama da talatin mu faɗa musu za mu tafi.

Yaran dai ki kai su bakin kogin Nilu, ki kai su masallacin Azhar su yi raka'a biyu a inda aka fi shekara dubu ana karatu, kada hutun ya ƙare a kantuna da ɗakin otal. Ki bar babban ya riƙe 'yan kuɗi kaɗan na kansa ya sayo wa wanda ya ga dama abin da ya ga dama, kada ki gyara masa zaɓi ko da shirme ne.

Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko, ke da ɓarawon nawa. Kishiyarki ta daka yaji da kuka, akwai kilishi kuma, jikan liman yana karatu a Alƙahira, uwarsa ta ji labarin tafiyarku tun jiya.

Angonki na fari.